Sugan ciki da ƙaton yaro: ruwan naƙuda, tiyata ko in jira?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara, wallahi kaina ya ɗaure. Shekarata 31, wannan ne cikina na biyu, yanzu ina sati 36. Tun ina sati 27 aka ce min ina da sugan da ciki ke kawowa, na fara da kiyaye abinci bai sauka ba sai aka ɗora ni kan metformin, yanzu Alhamdulillah yawanci daidai yake zama sai dai na safe wani lokacin ya ɗan haura. Shekaranjiya aka min sikanin aka ce yaron ya kai kilo 3.6, likita ya ce ya yi girma, wai ko dai a tayar min da naƙuda tsakanin sati 38 da 39 ko a tsara tiyata, in je in yi tunani. Ta fari da kaina na haife ta, kilo 3.3, ba wata matsala. Maigida ya ce kawai a yi aikin kowa ya huta, Mamana kuma ta ce kar in yarda a taɓa ni, in bari naƙuda ta zo da kanta kamar kowace mace. Ni kuma duka tsoronsu nake ji, ko barci bana iya yi. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya.

Toh bari in fara rage miki kaya. Ke a ganinki hanya uku ce a gabanki, ni a ganina biyu ce. Ta ukun, wato a zauna a naɗe hannu har sai ranar da naƙuda ta ga damar zuwa ko da kuwa sati 41 ne ko 42, wannan ki ajiye ta gefe, kuma zan faɗa miki dalili. Sauran biyun kuwa duk hanyoyi ne na gaskiya da likitoci ke bi kullum, babu wadda ta zama ganganci a cikinsu, shi ya sa ma likitanki ya ce ki je ki yi tunani, da akwai wadda take dole da bai ba ki zaɓi ba.

Kafin mu je can ya kamata ki san me ya sa yaron ke girma haka, don in kin gane wannan sauran maganar za ta zo miki da sauƙi. Sugan da ke jininki yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin yaro, amma insulin ɗinki, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don sauke suga, ba ya ratsawa. Sai jikin yaron ya ga suga ya yi masa yawa, ya shiga ƙera nasa insulin ɗin babu ƙaƙƙautawa, shi kuma insulin a jikin ɗan tayi aikinsa tara kitse ne da ƙara girma. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jorgen Pedersen, shi ya fara bayanin wannan tun a shekarun 1950 kuma har yau a kansa ake. Abin lura a nan shi ne inda kitsen ke taruwa: ba a kai ba, a kafaɗu ne da ƙirji da ciki. Kinga kenan yaron mai suga ba wai nauyi kawai ya fi ba, fasalin jikinsa ma daban ne, kai daidai misali amma kafaɗa faffaɗa. Shi ya sa za ki ga wata ta haifi kilo 4.2 sumul babu suga, wata mai suga ta sha wuya da kilo 4, nauyi kusan ɗaya amma ba jiki ɗaya ba. Duk wadda za ta ce miki ai ni ma ƙato na haifa ba abin da ya faru, ki tambaye ta ko tana da suga a lokacin.

Sai wannan 3.6 ɗin da ya hana ki barci. Ƙanwata sikanin ba sikeli ba ne. Babu wanda ya ɗora yaronki a kan ma'auni. Abin da ake yi shi ne a auna zagayen kai, a auna zagayen ciki, a auna tsawon ƙashin cinya, sai na'ura ta yi lissafi ta fitar da ƙiyasi, kuma sanannen abu ne cewa ƙiyasin nan yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa, kuma kuskuren ya fi yawa a ƙarshen ciki da kuma manyan yara. Wato yaron da aka ce 3.6 zai iya zama 3.2, zai kuma iya zama 4. Na sha ganin wadda aka tsorata da kilo 4 da rabi aka ciro yaro bai kai 4 ba, na kuma ga akasin haka, an ce madaidaici sai ga ƙato. Duk da haka ba zan ce miki ki watsar da shi ba, don a sati 36 yawancin yara ba su kai kilo 3 ba ma, ko an cire kuskuren naki yana cikin manya. In muka ɗauka yana ƙara wajen giram 200 a sati kamar yadda aka saba gani a ƙarshen ciki, to a sati 38 yana wajen kilo 4, a sati 39 wajen 4.2, in aka bar shi har 41 kuma ki lissafa da kanki. Wannan lissafin shi ne dalili na farko da ya sa na ce jira mara iyaka ba naki ba ne.

Abin da likitoci ke gudu, wanda sau da yawa ba sa tsayawa su yi wa mace bayaninsa sai dai su ce "ya yi girma" su yi shiru, shi ne maƙalewar kafaɗa. Kai ya fito, sai kafaɗar gaba ta tokare a bayan ƙashin mararki, jiki ya ƙi biyowa. Mintuna ne ake da su a lokacin, don cibiya na iya matsewa kuma ƙirjin yaro a matse yake ba zai iya shaƙar iska ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, ta ce abin yana faruwa a kusan haihuwa 1 cikin 150, mai suga kuma haɗarinta ya ninka na wadda ba ta da shi ko da nauyin yaransu ɗaya. Ba na faɗa miki don in ƙara miki tsoro ba, ki saurari sauran. Mafi yawan lokuta ana warware shi nan take, a kwantar da ke a naɗe cinyoyinki sosai zuwa ƙirji, wannan dabarar ana ce mata McRoberts, wani kuma ya danna daidai saman mara don kafaɗar ta zame, in bai yi ba akwai wasu dabarun na juya yaro ko fara zaro hannun baya. Cikin yaran da kafaɗarsu ta maƙale, kusan 1 cikin 10 ne ke samun jan jijiyar wuya da ke sa hannu ya saki, kuma yawancinsu suna warkewa cikin watanni, kaɗan ne abin ke zame musu na dindindin. Wani lokacin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya tsage, shi ma yana haɗewa da kansa. Mummunan ƙarshen, wato ƙwaƙwalwa ta rasa iska, yana faruwa amma ba kasafai ba. Ke uwa kuma abin da ke ƙaruwa a kanki shi ne ƙari mai zurfi da zubar jini bayan haihuwa.

Wani abu da zai ba ki mamaki, kusan rabin yaran da kafaɗarsu ke maƙalewa ba su ma kai kilo 4 ba. Ma'ana babu mai iya nuna mace ya ce ke ce za ki samu, ke ba za ki samu ba. Shi ya sa ni a wajena tambayar "a ina zan haihu, su wa ke tsaye a kaina" ta fi tambayar "kilo nawa ne" nauyi. Wurin da ma'aikatansa suka saba da wannan, suna atisaye a kansa, akwai likita a kusa, akwai ɗakin tiyata a buɗe dare da rana, akwai jini, akwai masu duba jarirai. In inda kike awo babu waɗannan, tun yanzu ki nemi a tura ki inda suke, ba ranar da faya ta fashe ba. Kuma ki riƙe wannan, ki faɗa wa duk wadda za ta raka ki: in kafaɗa ta maƙale ba a danna saman ciki, ba a hawa kan mace a tura yaro ta sama, wannan ƙara tokare shi yake yi kuma yana iya fasa mahaifa.

To yaushe ake cewa a yi tiyata kai tsaye saboda girma kawai? Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, ta sa iyakar a kilo 4.5 ga mai suga, kilo 5 ga wadda ba ta da shi, kuma ko a nan ɗin ma cewa suka yi a tattauna da mace a kan tiyata, a faɗa mata amfani da illa. Wasu likitocin sukan sauko da iyakar ƙasa da haka ga mai suga, musamman in zagayen cikin yaron ya yi wa kansa nisa sosai. Ke dai a lissafin da muka yi ba ki kai 4.5 ba a sati 38 ko 39. Kina kusa da gaɓa amma ba ki faɗa ruwa ba.

Maganar lokaci kuma, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta ce mai sugan ciki kar ta wuce sati 40 da kwana 6 ba ta haihu ba, in kuma akwai wata matsala ga uwa ko yaro, a haihu kafin nan. ACOG ta raba abin: wadda abinci kaɗai ya riƙe mata suga tana iya kaiwa har 40 da kwana 6, wadda ke kan magani kuma sugan ya daidaita ta haihu a cikin sati na 39, wadda nata ya ƙi daidaita a sauko da ita tsakanin 37 da ƙarshen 38. Ke kina kan magani, na safe yana ɗan haurawa, ga yaro babba, kinga 38 zuwa 39 ɗin da likitanki ya faɗa ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Dalilin da ba a son a wuce ba girma kaɗai ba ne, akwai haɗarin yaro ya mutu a ciki a ƙarshen ciki in suga bai zauna ba, wannan ne dalili na biyu kuma shi ne wanda ba a son faɗa. Dalilin da ba a son a yi gaggawa kuma, a ce tunda ya yi girma a ciro shi yanzu, shi ne girman jiki ba ƙwari ba ne. Yawan insulin yana jinkirta nunar huhu, sai ki ga ƙaton yaro jajir kamar ɗan wata biyu amma numfashi na ba shi wuya. Don haka kar wani ya ce miki ai ya riga ya ƙosa.

Shin tayar da naƙuda da wuri yana rage maƙalewar kafaɗar da gaske? An gwada. A 2015 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Faransa da Suwizalan da Beljiyam a kan mata sama da 800 da aka ƙiyasta yaransu manya ne, rabi aka tayar musu da naƙuda tsakanin sati 37 da ƙarshen 38, rabi aka bar su. Matsalar kafaɗa mai tsanani da raunukan da ke biyo ta sun kasance kashi 2 cikin ɗari a waɗanda aka tayar wa, kashi 6 a waɗanda aka bari, kuma abin da ya fi burge ni, tayar da naƙudar bai ƙara yawan tiyata ba, wanda shi ne abin da mata suka fi tsoro, wai da an sa miki ruwa ƙarshenta wuƙa. Sai dai yaran da aka fito da su da wuri sun fi samun shawara, ba irin wadda kika zo nema wajena ba, ta rawayar ido nake nufi, wadda ake sa jariri a ƙarƙashin fitila. Kuma ba a saka masu allurar insulin a binciken ba, yawancin matan ma ba su da suga, don haka haske ne yake ba mu, ba hukunci a kanki ba.

Bari in faɗa miki yadda tayar da naƙuda yake don mutane da sun ji sai su hango ledar ruwa kawai. Farko za a duba bakin mahaifa, ya yi laushi? ya gajarce? ya fara buɗewa? In bai nuna ba sai an fara nunar da shi, ko da magani da ake sakawa ta gaba ko a sha, ko da wata 'yar roba mai balan-balan da ake zurawa a hura ta da ruwa ta dinga danna bakin a hankali. Wannan matakin shi ke cin lokaci, yana iya ɗaukar kwana guda, wani lokacin biyu, kina kwance kina jin ciwo sama-sama kina ganin kamar ba a komai, masu zuwa dubiya suna ta tambayar har yanzu shiru? Bayan nan a fasa faya, in naƙuda ba ta kankama ba sai a sa ruwan naƙudar, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan ana sauraron bugun zuciyar yaro. Ciwonsa ya kan zo da ƙarfi kuma a jere fiye da wadda ta zo da kanta, ba zan ɓoye miki ba, ki tambaya tun yanzu wane maganin rage zafi suke da shi. Amma ke kina da wata babbar riba da mai cikin fari ba ta da ita: kin taɓa haihuwa da kanki. Mahaifar da ta taɓa buɗewa ta fi saurin amsa kira, kuma ƙugunki ya riga ya nuna yana iya fitar da 3.3 lafiya.

Ita kuma tiyata, bana cikin masu zaginta, ta ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba, kuma wadda aka tsara da rana tsaka kowa a shirye ta fi ta gaggawa da tsakar dare sauƙi nesa ba kusa ba. Tana kusan kawar da maganar kafaɗa gaba ɗaya, kin san ranarki, yawanci allurar baya za a miki kina farke ki ji kukan ɗanki. Amma "a yi aikin a huta" ɗin da Maigida ya faɗa, hutun nasa ne, ke ba hutu za ki yi ba. Babban aiki ne, akwai zubar jini, akwai daskarewar jini a jijiyar ƙafa, akwai ɗinki ya kama ruwa wanda mai suga ta fi wadda ba ta da shi haɗarinsa, ga wajen sati shida kina lallaɓa jiki da jariri a hannu da yayarsa tana jan zani. Sai kuma abin da ba a cika tunawa ba sai daga baya, wato cikin gaba. Duk tabon da aka yi wa mahaifa yana nan, kowace tiyata tana ƙara haɗarin mabiyiya ta zauna a bakin mahaifa ko ta manne ta ƙi fita a ciki na gaba, kuma in kika zo gwada haihuwa da kanki bayan tiyata ɗaya akwai kusan 1 cikin 200 da tabon ke buɗewa. Shekarunki 31. In kina sa ran ƙarin haihuwa uku ko huɗu, wannan lissafin yana da nauyi ƙwarai, in kuma daga wannan kin rufe ko saura ɗaya, nauyinsa ya ragu. Ke da Maigida kaɗai kuka san amsar wannan.

Kin tambaye ni ya za ki yi, ba zan tsaya ina kwana-kwana ba. Da 'yata ce ke, da abin da kika rubuto min, zan ce ta karɓi tayar da naƙuda, a tsayar da rana tsakanin 38 da 39 ɗin, a asibitin da ke da abubuwan da na lissafa, da sharaɗi ɗaya da za a yi magana a kansa tun kafin ranar: in naƙuda ta ƙi ci gaba, ba za a yi ta jan rai ba. Wato in bakin mahaifa ya tsaya cak duk da ciwo mai kyau, ko ya buɗe duka kina ta yunƙuri kai ya ƙi saukowa, a wuce tiyata kawai, kar a ce bari a jawo shi da na'urar zuƙo kai tun yana sama, don babban yaro da naƙuda mai jan ƙafa da jawowa da na'ura, haɗuwar ukun nan ita ce ta fi kawo maƙalewar kafaɗa. Ki shiga da zuciyar cewa gwaji ne mai ƙofar fita, in an ƙare a tiyata ba faɗuwa kika yi ba, tsarin ne ya yi aikinsa.

Akwai abubuwan da in suka bayyana zan canza magana in ce tiyata. In aka maimaita sikanin kusa da ranar aka ga ya doshi 4.5. In yaron ya juya ya zo da ɗuwawu ko ya gicciye. In likita ya duba takardun haihuwarki ta farko ya ga ashe an ɗan sha fama da kafaɗa ko kin samu ƙari mai zurfi har wajen bayan gida, don wani lokacin mace ba ta sani ba, ana ce mata dai "an sha wuya" shikenan. Ko in ke da kanki, bayan kin ji duk wannan, zuciyarki ta ce ba za ki iya ɗaukar ko ɗan wannan haɗarin ba. Wannan ma dalili ne, kuma ba wanda ya isa ya kira ki raguwa.

In kin koma asibiti kar ki je hannu rabbana, ki rubuta tambayoyinki a waya don gaban likita mantuwa ake yi. Ki ce masa zagayen cikin yaron fa, ya yake in an gwada da kansa? Ruwan da yake ciki ya yi yawa ne, don suga na kawo hakan? Za a sake sikanin kafin ranar? Bakin mahaifata ya fara nuna? Awa nawa za ku ba ni kafin ku ce a tafi tiyata? Sannan ki yi masa tambayar da na fi so, likita in matarka ce ko ƙanwarka wanne za ka zaɓa, kuma me ya sa? Ki tafi da Maigida ya ji da kunnensa. Shi tsoro ne ke cinsa, yana ganin wuƙar likita ta fi tabbas, in ya ji maganar cikin gaba da kansa zai sassauto.

Mama kuwa ki bi ta da lalama, kar ki yi musu da ita. Ita ma tsoron ne, ta ga 'yarta za a kai ta inda ba ta da iko. Abin da ta sani gaskiya ne a kan cikin da ba shi da matsala, kuma ta haife ku lafiya shi ya sa take ganin kowa ma haka ne. Ki ce mata Mama ba ƙin haihuwa da kaina nake ba, so nake in haihu da kaina tun yaron bai fi ƙarfina ba, in na jira ne ma tiyatar za ta iya zama dole. Ina ganin wannan za ta shige ta, don abin da take so kenan. In da hali ki tafi da ita awo sau ɗaya, manya sun fi yarda in an girmama su an yi musu bayani ido da ido. Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa: kar ki sha komai da sunan kawo naƙuda ko sauƙaƙa ta wanda ba likitanki ya ba ki ba, ko daga hannun wa ya fito.

Sati biyu ko ukun da suka rage ba na zaman jira ba ne, akwai aiki a hannunki. Wannan sugan na safen da ke haurawa ki kai wa likita lambobin a rubuce. Abin da ake nema shi ne kafin ki ci komai da safe ya zama ƙasa da 5.3, awa ɗaya bayan cin abinci ƙasa da 7.8, in na'urarki mai manyan lambobi ce to ƙasa da 95 da ƙasa da 140 kenan. In ya ce zai ƙara miki insulin na dare kar ki ɗauka abin ya lalace, insulin ba ya isa wajen yaro, kuma yawanci da an haihu ake dainawa. Kar kuma ki ce za ki dinga zama da yunwa don yaro ya rage girma, ba ya aiki haka, jiri kawai za ki jawo wa kanki. Ɗan tattaki bayan cin abinci yana taimakawa sosai. Kuma kar ki ga kamar wahalar banza kike sha, wani bincike da aka yi a Ostareliya da Birtaniya aka buga a 2005 a kan mata 1000 ya nuna kula da sugan ciki ya sauko da munanan matsalolin jarirai daga kashi 4 zuwa kashi 1 cikin ɗari.

Motsin yaro kuma ki sa masa ido kamar me. Ba gaskiya ba ne wai yaro na daina motsi in haihuwa ta kusa ko in ya cika ciki. In kika ji ya ragu ko ya canza daga yadda kika saba, a ranar za ki je asibiti, ko da tsakar dare ne, ba sai gari ya waye ba. Haka in kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe kina ganin walƙiya-walƙiya, ko fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, don mai sugan ciki ta fi saurin samun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Jini ko fashewar faya ma ba sai na faɗa ba. In kuma naƙuda ta zo da kanta kafin ranar da aka sa, toh madalla, Mama ta samu abin da take so, ki kama hanya da wuri kuma da kin shiga ki faɗa musu kina da suga kuma an ce yaron babba ne, kar ki ɗauka sun karanta kati.

Ranar haihuwa, ko ta wace hanya, za a dinga duba suganki kusan kowace awa ana son ya zauna tsakanin 4 da 7, dalili kuwa shi ne abin da zai biyo baya. Da an yanke cibiya sugan da ke kwararo wa yaro ya tsaya, amma jikinsa bai sani ba, yana ta zuba insulin kamar da, sai nasa sugan ya faɗi. Maganin farko yana ƙirjinki: a ɗora miki shi fata da fata, ki sa shi a nono cikin rabin awa na farko, sannan duk bayan awa 2 zuwa 3 ko yana barci ki tashe shi. Wannan ruwan farko mai kauri, dakashi, kar ki matse ki zubar, shi ne daidai abin da yake buƙata. Za a ɗan tsaga dugadugansa a auna suga awa 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma ki sa a ranki za ku yi aƙalla awa 24 a asibiti ko da komai lafiya, kar a matsa a sallame ku da wuri. In kika ga yana karkarwa, ko ya yi laƙwas ya ƙi kama nono, ko numfashinsa na sauri, ki kira nas nan take.

Ke kuma yawanci a ranar za a dakatar da metformin ɗin, don da mabiyiya ta fita abin da ke hana insulin ɗinki aiki ya tafi. Amma dan Allah kar ki yi irin ta mata da yawa, a haihu a manta. Ki koma a sake gwada ki tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara, saboda kusan rabin matan da suka yi sugan ciki suna samun ciwon suga na dindindin daga baya, kuma shayarwa da rage ƙiba da motsa jiki suna rage wannan sosai. In kika sake samun ciki ki faɗa tun awon farko don a gwada ki da wuri, ba sai an kai sati 24 ba.

Yau dai ki rubuta tambayoyin nan, ki haɗa jakarki, ki sa Maigida ya nemo waɗanda za su iya ba da jini in an buƙata, sannan ki kwanta ta gefen hagu ki yi barcinki. In an sauka ki rubuto min kilo nawa ya zo, ina son in ga ko sikanin ɗin ya canka.